Rimot a Ƙarƙashin Zani

Ni dai ban taɓa zaton zan zauna a benci ina koyon karatu da furfura a kaina ba. Tracy ce ta ja mu. Yarinya ce 'yar cocinmu a Kakuri, malamar firamare, ita ta buɗe wa Zumuntar Mata ajin karatu da lissafi bayan an tashi kasuwa. Kafin a jima na fara karanta saƙon ɗana Derrick a waya da kaina, ba sai na bi maƙwabta suna jin sirrina ba. Ajin nan ina son sa har cikin raina.

Sai dai ajin a hannun mutum ɗaya yake, Mama Lydia, shugabar zumuntarmu. Matar nan tun lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki take riƙe da mu. Ita ce a barka, ita ce a gaisuwar mutuwa, ita ke raba faɗan miji da mata. In ranta ya ɓaci ta ɗauki jakarta, to ki tabbata benci zai zama wayam. Mun gani a ajin ɗinki: wata malama ta gyara mata kuskure a gaban jama'a, a makon nan ajin ya watse.

Ran nan Tracy ta zo da kwali cike da wasu 'yan abubuwa kamar rimot ɗin talabijin, ta aro daga makarantarsu. Ta ce ta gaji da tambayar "Kun gane?" muna amsa "Mun gane" kamar amshin waƙa. Yanzu za ta sa tambaya a talabijin ɗin coci, kowa ta danna A, B ko C, amsoshin su fito ba suna, ita kuma ta ga inda abu ya shige mana duhu.

Tambaya ta fito. Mama Lydia ta gyara tabarau, ta miƙe hannu da rimot, ta ce da ƙarfi, "Na danna B."

Sai kika ji ƙit, ƙit, ƙit. Duk aji B. Ni na san A ce amsar, Allah ya sani na sani, amma yatsana ya ƙi tafiya can. Tracy ta dubi talabijin ta sosa kai. Aka sake wata tambayar, haka aka sake yi.

Ta ce, "Iyayena, don Allah kowa ta danna abin da ke ranta."

Gloria mai ƙosai ta ce, "Haba Tracy. Mama ta riga ta amsa, wa zai tsallake ta?"

Washegari yarinyar ta same ni a rumfar doyata, fuska duk a yamutse. Ta ce rimot bai amfane ta da komai ba, amsar mutum ɗaya take gani, kuma ba ta da bakin cewa Mama ta faɗi.

Na ce, "Ke dai karatu ne ya yi miki yawa. Yaya muke ba da kuɗin baiko a coci ranar Lahadi? Ba a dunƙule muke sa hannu a jaka ba, ta kusa da ke ma ba ta san me kika saka ba? To, je ki wurin Mama ki durƙusa, ki ce kina neman shawara. Ki bari maganar ta fito daga bakinta."

Haka kuwa aka yi. Aji na gaba Mama Lydia ta miƙe da kanta ta kafa doka: amsa kamar baiko ce, kowa ta sa rimot a ƙarƙashin zani, baki kuma shiru, har da ita.

Nan fa asirinmu ya tonu. Amsoshi suka warwatse, wasu A, wasu C, ashe rabinmu kai kawai muke gyaɗawa tun farko. In aka rabu haka, sai Tracy ta ce kowa ta juya ta yi gardama da ta kusa da ita, sannan a sake dannawa. Gardama kuwa ai aikinmu ce. Abin da aka yi wata ana fama da shi, a zama ɗaya ya shiga kai. Har ɗokin zuwa aji nake yi.

Sai ranar da aka zo kan rabi da kwata. Tracy ta rubuta ɗaya bisa biyu a A, ɗaya bisa huɗu a B, ta tambaya wanne ya fi yawa. Ta kawo mudu da shinkafa ta auna mana, muka yi gardamarmu. Muna cikin yi na ji Mama Lydia tana cewa ƙasa-ƙasa, "Huɗu ai ta fi biyu, ko a ina." Ba ni kaɗai na ji ba.

Aka danna. Talabijin ya nuna kowa ta ci, ban da mutum ɗaya.

Ba suna a allo, amma wa bai sani ba? Na ga fuskar Mama ta canza, hannunta ya nufi jaka. Nan na ga ƙarshen karatuna ƙiri-ƙiri.

Na yi wuf na ce, "Ni ce na danna B."

Gloria ta ce, "A'a, Maman Derrick, ni ce. Yatsana ne ya zame."

Patience daga bencin baya ta ce ita ce, idonta ba ya gani sosai. Kafin ka ce me, rabin aji ya ɗaga hannu, kowa na rantsuwa ita ta faɗi. Talabijin kuma yana nan ya kafe a kan mutum ɗaya.

Mama Lydia ta dubi allo, ta juyo ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Sai kafaɗarta ta fara rawa, ta fashe da dariya har tana share hawaye da bakin ɗankwali.

Ta ce, "Mutum ɗaya ta faɗi, kun taru kuna wawason laifi. A ɗakin Ubangiji kuma, ko kunya ba ku ji."

Ta zaro rimot daga ƙarƙashin zani ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Ni ce. Tracy 'yata, kawo mudun nan gabana ki sake auna mini a hankali, ban gane ba. Ku kuma maƙaryata, ku yi mini shiru in ji."