Bindigar Maman a Bakin Iyakar Harami

"Wannan fa, nawa?" in ji Maman, ya ɗora yatsa a kan gilashin.

Mai kantin ya faɗi kuɗin. Maman ya janye yatsan kamar ya taɓa garwashi.

A Jidda muke, a wani kantin makamai mai lasisi, ni da maƙwabcina Maman da 'yarsa Basma wadda ta tuƙo mu. Shekara arba'in bango ɗaya ne tsakanin gidana da nasa a unguwar Utaibiyya ta Makka. Yana da garken awaki can bayan Ji'irana, a wajen iyakar Harami, karnukan daji kuma sun dame shi, sun kashe masa 'yan awaki tara. Ya sha wuya kafin takardar izinin mallakar bindiga ta fito, abin da ya ware kuwa riyal dubu uku ne, ko halala babu ƙari. Doguwar bindiga ta fi ƙarfinsa tun da ciwon zuciya ya ramar da shi, shi ya sa yake neman ƙarama. Likita ma ya hana shi zuwa garken. Ya ce da likitan shi abu ɗaya yake roƙon Allah, ya ɗauki ransa a cikin Harami, sauran kuwa a bar shi da awakinsa.

Ni ya ɗauko in zaɓa masa, kuma ya yi dabara. Ban taɓa zama a aji ba, amma ina ɗan shekara tara na ratso Chadi da Sudan da ƙafata. Na ga bindiga a hannun mutanen kirki, na gan ta a hannun 'yan fashi, ga ni nan dai ina shan shayina.

Mai kantin ya fito da wata sabuwa mai sheƙi. "Ja samanta baya, ya Hajji."

Maman ya ja. Ya sake ja, har jijiyar wuyansa ta tashi, abin ko motsi. Basma ta kau da kai, ta shiga duba wayarta.

"Ɗauke wannan," na ce. "Ta 'yan ɗaukar hoto ce. Fito mana da mai juyi."

"Akwai ɗaya, ya Hajji, amma tsohuwa ce, wani ya yi amfani da ita."

"Mu ma tsofaffi ne, kuma mun raka sababbi da yawa maƙabarta. Kawo."

Ya kawo. Na auna ta a tafina, na juya tulun harsashin kusa da kunnena, na ji yana tafiya sumul. Na leƙa bututun ta wajen haske, babu tsatsa. Na miƙa wa Maman. Ya ja kunamar da yatsa ɗaya, ta amsa.

"Mukhtaru, wallahi ta yi kama da kai," ya ce. "Gajera, baƙa, ba fara'a."

"Kuma ba ta ba da kunya. Ƙarasa maganar."

Har canji ya samu.

Da aka gama takardu, bindigar a garken ta zauna, cikin akwatin ƙarfe. Ranar wata Talata da hantsi, mako uku bayan nan, muna can mu uku har da Basma, karnukan suka gangaro daga dutse. Maman ya fita da kansa, ya ɗaga hannu sama ya harba sau biyu. Suka watse, wani har yana tuntuɓe. Ya juyo yana dariya.

"Ka gani, ya ɗan Chadi?"

"Na gani. Wa ya zaɓa?"

Sai dariyar ta yanke. Ya zauna a kan buhun dusa, ya dafe ƙirji, fuskarsa ta yi toka-toka.

Ni kaɗai na ciccibe shi zuwa mota, da shekaruna tamanin da ɗaya. Basma ta taka mai. Kansa yana kan cinyata, ina jin numfashinsa yana ja kamar guga a tsohuwar rijiya. Muna hango ginshiƙan iyakar Harami ke nan sai ya damƙi hannuna.

"Tsaya."

"Abuya, asibiti za mu!"

"Tsaya, na ce. Tana aljihuna."

Na san abin da yake nufi. Mahaifinsa da ƙafa ya zo daga Sakkwato, da kwari da baka. Da ya iso iyaka sai ya ajiye su, ya ce makami ba ya shiga hurumin Allah. Tun daga nan ko doguwar wuƙa ba a tsallaka iyakar da ita a gidansu.

"Abuya, Allah ya san lalura ce," in ji Basma, tana kuka, amma ta rage gudu. "To mu jefar ta taga."

"Da harsashi a ciki? Ɗan wani ya tsinta?"

Ta tsaya a gefen titi, taku kamar ɗari kafin ginshiƙan. Ita ce mai tuƙi, ba ta da halin sauka. Na zura hannu a aljihun rigarsa na zaro bindigar, da sauran ɗuminta.

"Ni zan zauna da ita. Na riƙe abin da ya fi wannan nauyi."

Na zame cinyata a hankali, na tusa masa hiramina a ƙarƙashin kai. Ya buɗe ido ɗaya.

"Kada ka harbi ƙafarka."

"Ka yi shahada, ka bar surutu."

Ya yi, na ji da kunnena. Na rufe ƙofar, na bugi bayan motar. "Yalla, 'yata!"

Ya shiga Harami. Duk wanda ya tambaya a wajen zaman makoki na faɗa masa, kuma zan faɗa gaban kowa, da idona na ga motar ta wuce ginshiƙan. Ta ɗan yi gaba, sai ta karkata gefe ta tsaya. Basma ta fito, ta zagaya ta buɗe ƙofar baya, ta durƙusa a kan kwalta.

Na zauna a kan wani dutse, na zazzage harsashi huɗun da suka rage a tafina. Manyan motoci suna ta wucewa zuwa Makka. Daga inda nake ina hango ƙofar motar a buɗe, iska tana kaɗa gefen mayafinta.