Makiyayin da Aka Shafe

Baba Yakuba yana juya hannun injin roneyo, takardu suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, Halimatou tana tattarawa tana jerawa a kan tebur. Wutar lantarki ta ɗauke tun hantsi, fanka ta tsaya, ƙaramin biron nan, ofishinsu na unguwar Plateau, ya cika da warin tawada da gumi. Shafin saniya suke bugawa, na ƙarshe a littafin da ta zana wa 'yan lakwal, ƙananan 'yan makaranta, irin wanda yaro yake cike hoto da launi. Da la'asar kamyo, babbar motar soja, zai zo ya kwashe.

Saniyar kuwa ƙatuwa ce, ta yi ɓul-ɓul, irin wadda rabon Yamai da ganinta tun kafin fari. Da farko ba haka Halimatou ta zana ta ba. Hannunta abin da ido ya gani yake bi, sai ta fito da haƙarƙari a waje, ga makiyayi siriri yana tafe a gefenta, sanda a gicciye kan kafaɗu, ya ba mai kallo baya. Kapitan Sumana, sojan da aka ɗora a kan biron bayan juyin mulki, ya daɗe yana duban hoton kafin ya yi magana.

"Madam, fari na waccan gwamnatin ne," in ji shi a hankali. "Ki ciyar da saniyar nan. Wannan ƙwarangwal ɗin kuma kada in sake ganinsa."

Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa. Wani mai buga tafireta da ya yi masa gardama a kan kalma guda, da tsakar rana aka zo aka tafi da shi, har yau hularsa tana rataye a ƙusa ba wanda ya taɓa ta.

Abin da Kapitan bai sani ba, ƙwarangwal ɗin mahaifinta ne. Malam Yelwa ya kora ragowar shanun ƙauyensu daga wajen Tawa ya nufi kudu neman ciyawa, bai dawo ba, kuma ba a ga wanda ya gan shi ba. Bayansa ne abin da ta gani na ƙarshe, shi ya sa ba ta yi masa fuska ba. Amma tana da 'ya'ya biyu da uwa a unguwar Yantala, duk ita take ci da su. Ta ɗauko kwalbar jan ruwan nan mai kama da jan farce, wanda ake toshe kuskure da shi a kan sitansil, takardar zanen da ake ɗora wa inji, ta shafe haƙarƙarin, ta shafe tsohon daga kai har ƙafa. Ranar ta kasa cin abinci.

Yanzu tana cikin jera takardu sai ta ga wani ɗan layi a gefen saniyar, siriri kamar gashi. Ta sa yatsa ta goge, bai fita ba. A takarda ta gaba layin ya ƙara tsawo. A ta bayanta ya miƙe sosai, a gicciye, daidai inda sandar take.

"Baba, dakata."

Tsohon ya tsayar da inji, ya gyara tabarau, ya leƙa. "Zafi ne, ɗiyata. Jan ya bushe ya tsage, tawada tana bi ta tsagar. Yana faruwa."

"Ƙara kaɗan mu gani."

Bai so ba, amma ya juya. Kafaɗa ta fito. Sai wuyan riga, sai gwiwar hannu a rataye kan sanda, sai ƙafafun nan dogaye da ta sani tun tana rarrafe. Ba a dunƙule ya fito ba, a tsattsage yake, kamar wanda ake hangowa ta cikin zana. Haƙarƙarin saniyar bai dawo ba ko ɗaya, tana nan da ƙibarta. Shi kaɗai ne yake dawowa.

Halimatou ta haɗa takardun a hannu ta saki gefensu da babban yatsa, suka wuce fir. Sai ta ga mutumin yana fitowa daga farin takarda yana matsowa. Ta sake yi, don ba ta yarda da idonta ba, a nan ne ta lura da kan. A ƙeyar da ta zana ba komai, tawada ta ɗiga wuri biyu, dab da juna, da wata 'yar tsaga a ƙarƙashinsu.

"Baba, ni ban yi masa ido ba."

Baba Yakuba ya duba, ya kau da kai, ya yi wata addu'a a ciki-ciki. Shekarunsa a kan injin nan sun fi nata a duniya, kuma mutum ne mai bayani a kan komai, amma wannan karon bai ce zafi ne ba.

"Ya juyo," in ji ta.

"Tsaga ce kawai." Muryarsa ba ta goyi bayansa ba. Ya jawo kwalbar jan ya ajiye a gabanta. "Ki sake shafewa a kan injin, yanzu zai bushe. Waɗanda suka ɓaci in kai su bayan gini in sa musu ashana. Ba wanda zai ji. Ki tuna yaranki."

Ta tuna su. Ta buɗe kwalbar, ta tsoma ɗan burushin, ta sunkuya a kan injin. Ga shi nan a jikin sitansil, baƙi wuluk da tawada, yana kallonta. Tun tafiyarsa take leƙa kowane kamyo da ya shigo da 'yan gudun yunwa, take bin layin rabon hatsi tana duban fuskokin tsofaffi. Uwarta ta hana a yi masa sadaka, wai ba a yi wa mai rai. Kullum roƙonta guda ne, ya waiwayo sau ɗaya ta ga fuskarsa.

Jan ya taru a bakin burushi, ya ɗiga a kan zanen da ta ɗaura. Daga nesa, wajen ƙofar shiga, ta ji ƙugin babbar mota da ƙarar ƙarfen tare hanya da ake ɗagawa. La'asar ba ta yi ba tukuna, amma soja ba sa tambayar kowa lokaci.

Ta mayar da burushin ta murɗe murfin.

"Juya, Baba."

"Ɗiyata..."

"In Kapitan ya tambaya, ka ce ka nuna mini na ce ka ci gaba. Gaskiya ce ai."

Tsohon ya dube ta, ya dubi ƙofa, ya kama hannun injin. Takarda ta faɗo, ta tare ta da hannu biyu tun ba ta kai tebur ba. Fuskar ta fito sarai, ramammiya, ba fushi a cikinta. A lokacin ta san ba za ta sake leƙa wani kamyo ba, ta kuma san in an bar ta ta koma gida za ta gaya wa uwarta lokacin yi masa sadaka ya yi. Hawaye suka zubo mata. Takun takalma ya shigo baranda.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji ta a hankali.

Baba Yakuba ya ci gaba da juyawa, ya san ba da shi take ba.