Inna a Bangon Jami'a

Ranar da 'yan bindiga suka ƙone rumbunan Gatawa, Abdurra'uf yana Zariya, a ɗakin zane na jami'a, yana haɗa fenti. Ƙanwarsa Sadiƙa ce ta turo masa hoto ta waya: mahaifiyarsu tsaye kan tokar gero, kanta ba ɗankwali.

Hoton nan ya zana a matsayin aikinsa na shekarar ƙarshe. Malamai suka yaba, aka rataye zanen a zauren baje koli.

Da ya zo hutu Sabon Birni, gidan kawunsa inda suka samu mafaka, ya nuna wa mahaifiyarsa zanen a waya, yana jiran ta yi murna. Ta daɗe tana kallo.

"Mutane sun gan ni haka?"

"Da yawa, Inna."

"Ko maƙwabta ban so su gan ni ba ranar."

Kunya ta rufe shi. "Zan sauke shi," ya ce.

"Bar shi, tunda karatunka ne." Ta miƙa masa wayar, ta ci gaba da tsince wake.

Shi ya zo na ɗaya a ajinsu, amma ya kasa faɗa wa kowa a gida.