Allurar Tumaki

Likitar ta daɗe tana zagaya na'urar a kan cikin matarsa, wanda ya kumbura yana sheƙi tun bai cika wata biyu ba. Shi kuwa ya kafe allon da ido, yana laluben kawuna biyu a cikin duhun hoton.

"Babu jariri a nan," in ji likitar. "Ruwa ne. Ma'ajiyar ƙwanta duka biyun sun kumbura, ɗaya har ta murɗe. Me aka ba ta?"

Ya kai hannu aljihunsa. Matar ta juyo da ƙyar, numfashinta na sarƙewa. "Faɗa mata mana, Dakta."

* * *

Dakta unguwa ke kiransa, ko da yake maganin dabbobi yake sayarwa a wani ɗan shago mai warin dusa. Masu kiwo sun san shi da allurar da ake yi wa tunkiya kafin barbara, ta zubo 'ya'ya biyu. Matarsa malama ce a makarantar kuɗi, inda shugabar ta faɗa wa ma'aikata ƙarara cewa haihuwa ɗaya take ɗaga wa ƙafa, mai ta biyu ta nemi wani wurin.

Da wasa maganar ta fara, wata yamma tana duba aikin ɗalibai a tsakar ɗaki.

"Kai da kake cika garken mutane da tagwaye, gidanka ne ya gagare ka? Ciki ɗaya, hutu ɗaya, mun huta."

Ya yi dariya, amma zancen ya bi shi shago ya kwana a ransa. Jiki ai jiki ne, ya gaya wa kansa. Bambancin nauyi ne kawai. Ranar da ya ɗora ta a sikelin shagon, tana riƙe da takalmanta tana ƙyalƙyala dariya. "Ka ga na fi tunkiya, kada ka yi mini rowa." Da ya zo yi mata allurar, bai yi mata rowar ba.

Da cikin ya taso, mahaifiyarta ta zo ta shafa shi da hannu biyu ta ce tagwaye ne, ko tantama babu. Da amai ya tsananta, fitsari ya ɗauke, shi ne ya riƙa lallashi: laulayin biyu ai ba irin na ɗaya ba ne.

* * *

Kwalbar allurar ya ciro daga aljihu ya miƙa wa likitar. Likitar ta dubi hoton tunkiyar da ke jiki, ta dube shi. Ta ɗaga waya ta ce a shirya ɗakin tiyata.

Bayan la'asar aka fito da ita. An cire ma'ajiyar ƙwai ɗaya, aka ce masa. Ɗayar kuwa sai an ga abin da hali ya yi. Surukarsa, wadda ba wanda ya gaya wa komai, ta kama gefen rigarsa a baranda.

"Ɗana, kai da ka san magani, shiga ka duba ko sun yi aikin daidai."

Ya shiga. Matar ta farka, idonta na kan ledar ruwan da ke ɗiga. Ya tsaya a ƙarshen gadon, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa.

"Kira shugabar makaranta," ta ce, ba tare da ta waiwayo ba. "Ce mata ta ba wata malamar hutun haihuwar."