Ƙanzon Doña Milagros

Abin da na fara lura da shi a kicin ɗin shi ne wani jan zare da aka ɗaura a hannun wata sabuwar tukunya. Daga baya na gane saboda ni Doña Milagros ta saye ta, ranar da aka gaya mata baƙuwarta Musulma ce. Zaren gargaɗi ne ga mijinta, Don Ramón, kada ya kuskura ya soya naman alade a ciki.

Daga Zariya na zo New York, bayan na gama digiri, don kwas ɗin tafinta na asibiti. Sharaɗin makarantar shi ne in zauna wata shida a gidan masu jin Sifaniyanci. Haka na tsinci kaina a hawa na biyar na wani bene a unguwar Parkchester, wajen tsofaffi biyu mutanen Jamhuriyar Dominika masu magana kamar ana korarsu. Ni kuwa ko da Hausa ba mai yawan magana ba ce. Murmushi da gyaɗa kai ne suka riƙe ni mako uku.

Kullum na dawo daga aji sai in tarar da shinkafa da wake da kaza. Doña ta zuba wa kowa, sannan ta kankare gindin tukunyar da cokali, ta juye ƙanzon kaf a gefen farantina.

A gidanmu ba a ba baƙo ƙanzo. Shanya shi ake yi, ko a bar wa yara su yi rububi. Na yi ta juya abin a raina. Matar da ta sayi tukunya domina ba za ta wulaƙanta ni ba. Ke nan abincin ne ba ya isar mutum uku, har sai an haɗa da gindin tukunya. Na kuma lura Don Ramón yana bin farantina da wani kallo mai ban tausayi. Wayyo, tsohon nan yunwa yake ji! Sai na riƙa cin loma biyar ko shida in ce na ƙoshi, in bar ƙanzon yadda aka zuba shi.

In yunwa ta matsa, sai in sauka hawa na biyu wajen Anti Tahiratu, wata 'yar Kumasi da ta shekara ashirin tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. A can ta tsinci Sifaniyanci. Takan ba ni tuwo ba tare da ta tambaye ni komai ba.

Ranar wata Laraba na ga takardar makaranta a manne jikin firij. Fom ne da masu masauki ke cikewa bayan mako uku. Idan zama bai yi daɗi ba, ranar Juma'a za a mayar da ɗalibi ɗakin kwanan ɗalibai. Doña ta rubuta da manyan baƙaƙe: “Yarinyar ba ta cin abincina. Ina jin ba ta son gidana.”

Wannan ne rubutun Sifaniyanci na farko da na karanta ba tare da ƙamus ba, kuma sai da ya sa ni hawaye. Ina son gidan. Ina son yadda Doña ke rera waƙa tana guga, da yadda take gicciye mayafina a kan hita don in same shi da ɗumi da safe.

Na sauka a guje wajen Anti Tahiratu, na kwashe labari duka na gaya mata. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

“Shamima, da digirinki da komai! Ƙanzon kike bari?”

“Anti, ai ba su da shi ne. Mijin ma kallona yake yi.”

“Dole ya kalle ki! Concón suke ce masa. A wajensu ya fi kaza daraja, faɗa ake yi a kansa. Shekara arba'in bawan Allahn nan yana cin abinsa, kin zo daga Zariya an ƙwace an ba ki, ke kuma kina zubarwa a shara a gabansa!”

Na rufe fuska da mayafi. “Don Allah Anti, ki je ki yi mata bayani.”

“Zan raka ki, amma bakina a rufe. Me kika zo koyo? Ba tafinta ba?”

Washegari da rana muka hau tare. Anti ta cire takalmi, ta zauna a kujerar bakin ƙofa. Doña ta zuba abinci fuskarta ba walwala, ta kankare tukunya, ta juye mini ƙanzo kamar kullum.

Na miƙe tsaye kamar mai amsa tambaya a aji.

“Doña,” na ce da Sifaniyancina mai ɗingishi, “a ƙasarmu wannan na yara ne. Ba a ba baƙo. Na zaci abinci kaɗan ne. Na ci kaɗan don Don Ramón ya samu.”

Na waiga wajen Anti, ita kuwa ta ƙura wa silin ido.

“Abinci kaɗan? A gidana?” Doña ta dafe ƙirji. Ta finciko ƙofar kabad, sai ga buhun shinkafa biyu da gwangwanayen wake jere har sama. “'Yata, ni na zaci girkina ne ba ki so! Har coci na kai ƙara!”

Don Ramón ya shafa tumbinsa. “Dube ni da kyau, yarinya. Na yi kama da mai jin yunwa? Kishi nake yi!”

Dariya ta ƙwace mini. Na zauna na gutsuri ƙanzon. Ƙurus-ƙurus yake, ga mai ga gishiri, romon wake ya ɗan jiƙa gefensa. Na raba shi biyu, na tura wa Don Ramón rabi.

“Wannan yarinyar ba inda za ta,” ya ce, bakinsa cike da ƙanzo.

Doña ta ciro fom ɗin daga jikin firij, ta ninke shi huɗu, ta ɗora tukunyar mai jan zare a kai don kada ta ƙona mata tebur. Sannan ta ja kujera kusa da ni.

“To gaya mini, ku yaya kuke dafa shinkafa a can, da har kuke raina concón?”

Na fara kwatanta mata dafa-duka. Kalmar da ta ɓace mini in nuna da hannu, ita ta gyara, Don Ramón ya yi gardamar gyaran. Ina neman yadda zan bayyana daddawa ne na hango Anti Tahiratu ta gefen ido. Ta zura takalminta, ta ɗauki jakarta, ta ja ƙofar a hankali.