Fuskar Afra'u

Tun ɗan acaɓa bai gama taka birki ba Datti ya dira a ƙofar gidansu na Fammar. Yau Malama Adawiyya za ta wuce Kano wajen masu buga littafi, kuma da zanensa za ta tafi. Tsohuwar malamar firamare ce a Rano. Ta taƙaita wani tsohon littafin labari don ƙananan yara, ta ba Datti, mai yi wa shaguna zane, ya yi hotunan ciki.

Yarinyar labarin, fuskar Afra'u ya ba ta, 'yarsa da zazzaɓi ya ɗauke bara da damina. Hotunanta duk sun tafi tare da wayar da aka zare masa a kasuwa. Abin da ya rage a kansa ya juye a takardun nan tun da ɗuminsa: wushiryarta, da yadda take karkatar da kai in za ta sharara ƙarya. Innarsa ta roƙe shi ya bar mata takardun kwana biyu ta ga jikarta, ya bari. Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa.

A zaure ya tarar da mahaifinsa, Malam Shitu, takardun a jere suna shan iska, kurtun tawada a gefe. Tsohon ya yi aiki tsaf. Bishiyoyi na nan, rijiya na nan, ko kallabin yarinyar bai taɓa ba. Fuskar kawai ya shafe da baƙar tawada, shafi bayan shafi.

Malam bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cikin taushi ya ce tun da ya gan su abinci ya gagare shi, don ranar ƙiyama za a ce wa mai zana abu mai rai ya hura masa rai.

"Na rasa jika," in ji shi, "ba zan zuba ido in rasa ɗa a lahira ba."

Datti ya durƙusa ya yi godiya, ya tattara takardunsa.

Ya kai wa Malama Adawiyya, ta duba, sannan ta ce za ta ɗaga tafiyar ya sake zanawa, ai hannun da ya yi na farko yana nan.

A shagonsa ya fiƙe fensir. Ya zana, ya goge, ya sake zanawa. Da la'asar yarinya ta fito, da wushirya, kai a karkace. Ya kai gida ya miƙa wa matarsa Saudat, bai gaya mata abin da ya faru ba.

Ta daɗe tana kallo.

"Ta yi kyau," ta ce. "Wannan ce ƙawar Afra'u a labarin?"