Muryar Hama Ɗan Samba

Tun ranar da aka ce gidan radiyonmu zai yi shiri na musamman kan zaɓen shugaban ƙasa da ya wuce, kaina bai sake zama daidai ba. Gidan namu ɗaki biyu ne da rumfa a bayan kasuwar Dakoro, amma gardamar da ke cikinsa ta ishi majalisa.

Abin da kowa ya yarda da shi kaɗan ne. Ranar zaɓe, manyan motoci sun shigo daga ƙetaren iyaka cike da maza, suka sauke su a wani ƙauye can wajen Bader Goula. Ba su da katin shaida, sai suka jefa ƙuri'a ta hanyar shaidu: mutum biyu su tsaya su ce sun san ka, shi ke nan. Daga nan kuma kowa da nasa labarin.

Abdurrazak, shugaban sashen labarai, ya yi karatu a Yamai kuma ba ya bari mu manta. Shi a wurinsa magana ta ƙare, hannun ƙasar waje ne a zaɓenmu. Malam Abarci, daraktanmu, tsoho ne mai tsoron rigima kamar wuta. Kullum tambayarsa ɗaya: "Wace ƙasa? Ka ga tuta bisa motar?" Da suka gaji da juna sai suka juyo kaina.

"Hamdiya," in ji Abdurrazak, "tahi ki samo muna mutum guda da ya hau motar nan."

A kasuwar bisashe, wato ta dabbobi, na same shi, wani dillali ne ya nuna mini. Dattijo ne siriri da rawani, yana da wani tari mai fita sau biyu a jere. Na yi zaton zai gudu in ya ga na'urar ɗaukar murya. Ina! Gyara zama ya yi, ya karɓe ta da hannu biyu, ya kai baki.

"Ni ne Hama ɗan Samba ɗan Badaru, na rijiyar Samba, yamma ga Roumbou. Shaidar bisashenmu tsaga biyu ga kunnen dama."

"Baba, ba wannan nake tambaya ba. Motar hwa?"

"Ina zuwa, ɗiyata."

Ya ce shekarar da fari ya cinye musu shanu ya yi kudu ya ƙetare iyaka yana saurayi, bai dawo ba sai da gemu ya yi fari. Wata rana aka ce wani alhaji ya ba da motoci, duk ɗan arewa ya hau kyauta.

"Alhajin ɗan ina ne?"

"Can yake zaune. An ce uwatai ta Maradi ce. Wasu kuma sun ce shi ma aiko shi anka yi."

"Wa ya aiko shi?"

"Allah masani. Ni mota na samu ta zuwa gida. Da sunka koma ban bi su ba."

Sai ya shiga zancen da ya dame shi. 'Ya'yan ƙanen ubansa ne ke riƙe da rijiyar yanzu, sun ce ba su san shi ba. Awakinsa da raƙuminsa guda sai kowa ya gama suke samun ragowar ruwa a kwami, kuma mai gari ya ce zai duba maganar. Ya yi tari, ya ce, "Waɗanda sunka shaide ni ranar zaɓe ban taɓa ganin su ba. Waɗanda sunka san ni kuwa sun ƙi shaida ta."

Da zan tashi ya tambaye ni yaushe za a sa muryarsa a radiyo. Na ce Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya yi ta sa mini albarka har na ji kunya, ban kuwa gane dalili ba.

A ofis muka saurari muryar tare. Abdurrazak ya buga tebur. "Ga hujja! An kawo su daga waje, shaidu na ƙarya!" Malam Abarci shi ma ya buga nasa gefen. "Ga hujja! Ɗan Roumbou ne, ina baƙon yake?" Murya ɗaya, kowa ya ji abin da yake so. Ni da na ɗauko ta na rasa ta wa zan bi. In mutanen namu ne, motar ta wani ce, alhajin kuma rabi da rabi, wanda ya aiko shi ba a san shi ba, to me za mu ce ya faru? Wallahi har yau ban sani ba.

Kwanaki suka yi suna ja. A ce "baƙi", a'a. A ce "'yan ƙasa", a'a. A ce "katsalandan", a'a, sai dai "zargi". Daga ƙarshe suka tsaya kan "ɗaya daga cikin mutanen da aka kawo daga ƙetare", don babu wanda zai ce ƙarya ne. Sannan Abdurrazak ya tuna abin da aka koya musu a wani taron horo, cewa a kare wanda ya ba da shaida. A cire sunansa, a sauya muryarsa. Malam Abarci ya tuna da jandarma, ya amince nan take. Wannan ne karo na farko da na ga sun yarda da juna, kuma da ma a ce ba su yarda ba.

"Shef, shi da bakinshi ya hwaɗi sunanshi," na ce wa Abdurrazak.

"Bai san abin da yake yi ba," suka amsa tare.

Aka yanke Samba, aka yanke Badaru, aka yanke rijiya da kunnen dama. Ni na karanta gabatarwar da bakina.

Ranar kasuwa ta zagayo, na fito rumfa na tarar da Hama a tsaye, ko zama ya ƙi yi.

"Ɗiyata, muryar wa kunka sa?"

Ashe shi a saninsa radiyo wurin kominike ne, irin sanarwar da makiyaya ke kawo mana ta biki ko rasuwa ko ɓatan dabba. Abin da radiyo ta faɗa da sunan mutum da na ubansa, a daji ya zauna ke nan. Don haka ranar Juma'a ya tara mai gari da 'yan uwan nasa a bakin rijiya, ya aro radiyo, ya sa ta a tsakiya. Sai ga muryata tana cewa an kawo shi daga ƙetare, sai ga wata murya kamar ta kwaɗo a cikin tulu. Abu ɗaya na'urarmu ta kasa ɓoyewa, tarin nan mai fita sau biyu.

"Kowa ya gane ni," in ji shi. "Babbansu ya ce, to kun ji, radiyo ta ce kawo shi anka yi, ko sunanshi ta ji kunyar hwaɗi. Tun ran nan ko ragowar ba su bari."

Na shiga ciki a fusace na ce a sa muryar yadda take. Abdurrazak ya ce a cikinta mutumin ya amsa da bakinsa cewa shaidunsa na ƙarya ne, ina so a kama shi? Malam Abarci ya ce a bar maganar ta mutu. Na ce to a yi gyara. Gyaran me, in ji su, wace kalma ce ba daidai ba? Babu ko ɗaya. Kafin in fita har sun koma kan "zargi" da "katsalandan".

Na dawo rumfa. Hama ya dube ni, ya gane.

"Hilin nan na ɓatattun bisashe, har yanzu kuna yin shi?"

"Muna yi, Baba, kullum da la'asar. Me ya ɓace?"

Ya gyara rawani. Ya faɗa mini abin da yake so a ce, na maimaita masa har ya gamsu.

Da la'asar na shiga ɗakin watsa shiri. Na karanta jaki baƙi da ya ɓace a Adjekoria, na karanta tumaki masu jan wuya. Sannan na ja numfashi na karanta na ƙarshe.

"Ana cigiyar duk wani mai rai da ya san Samba ɗan Badaru, mai bisashe masu tsaga biyu ga kunnen dama, ya kuma san ɗansa Hama. Don Allah ya zo bakin rijiyar Samba. Awakin Hama ba su sha ba."